Ra'in Shaƙuwa da Ma'aunin Jami'in Walwala

A 1951 John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan yaran da suka rasa matsuguni bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga wannan aiki ne ra'insa na shaƙuwa ya samo tushe: jariri na buƙatar tsayayyen mai reno da zai ruga wurinsa idan ya firgita, kuma rashinsa na barin tabo har girma. Mary Ainsworth ta ƙarfafa ra'in da nazarin da ta yi a gidajen Baganda a Uganda tsakanin 1954 da 1955, kafin ta ƙirƙiro gwajinta a Baltimore, inda uwa ke fita ta bar ɗanta da baƙuwa, a lura da yadda zai tarbe ta in ta dawo.

Ra'in na da ƙarfi. Inda gizo ke saƙa shi ne ma'aunin. A gidan Bahaushe uwa kan ji kunyar ɗan fari, ba ta ambatar sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. Yaye kan kai shi ɗakin kaka, wani kuma goggo ce ke riƙonsa. Jami'in walwalar jama'a da ya shigo da ma'aunin Baltimore zai iya rubuta "sakaci" a rahotonsa, alhali yaron na da gata. Binciken da Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa ya nuna suna shaƙuwa da masu reno fiye da ɗaya.

Nan ne ƙa'idojin sana'ar jami'in walwala ke da amfani. Cikin bakwai da Felix Biestek ya zayyana a 1957 akwai ɗaukar kowane mutum da yanayinsa, da kauce wa yanke masa hukunci. Sai dai wannan ba lasisin kau da kai ba ne. Akwai riƙon da ya rikiɗe ya zama bauta, yarinya na yawon talla tun hantsi, 'ya'yan gida na makaranta, kuma ba al'adar da za ta wanke wannan.

Don haka tambayar da ta kamaci jami'i ba "ina uwarsa?" ba ce kaɗai. Ya binciko wa yaron ke nufa idan ya yi kuka, wa ke lura da cinsa da ciwonsa. Ya kamata sassan koyar da wannan fanni a jami'o'inmu su sa alkunya, yaye da riƙo cikin manhaja kafin su tura ɗalibi gidan kowa.