Zobe a Bakin Zare: Tarihin Lilon Chevreul

A farkon ƙarni na 19 wata al'ada ta yaɗu a Faransa da Jamus, inda mutum ke ɗaura zobe ko ɗan guntun ƙarfe a bakin zare, ya riƙe ɗaya bakin da yatsu biyu, ya sa abin yana reto a kan ruwa ko ma'adini, sa'an nan ya karanta amsa daga yadda yake lilo. Masu wannan sana'a sun yi imani cewa wani ɓoyayyen ƙarfi ne ke fitowa daga abin da ke ƙasa yana motsa zoben, kuma ba jahilai kaɗai ba ne suka yarda da haka, domin a 1808 wani farfesa a birnin Strasbourg, Antoine Gerboin, ya wallafa littafi yana danganta motsin da wani nau'in lantarki.

Wanda ya warware al'amarin shi ne Michel Eugène Chevreul, masanin sinadarai da aka haifa a 1786, ya rasu a 1889 yana da shekara 102, wanda kuma ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris. A 1812 ya rataya zoben ƙarfe a zare ya riƙe shi a kan zaiba, zoben kuwa ya kama lilo kamar yadda aka faɗa masa, da ya sa gilashi a tsakani sai ya tsaya, da ya cire kuma sai ya ci gaba. Nan ne mafi yawan mutane za su gamsu, amma shi hannunsa ya fara tuhuma. Ya tokare hannun da katako, ya lura cewa lilon na raguwa gwargwadon yadda tokarin ke matsowa daga kafaɗa zuwa yatsu. Bayan haka ya sa aka ɗaure masa idanu, wani ya riƙa sa gilashin yana cirewa ba tare da saninsa ba, sai zoben ya yi shiru ko da me ke ƙarƙashinsa. Wannan gwaji na biyu shi ne ya fi muhimmanci, domin ya nuna cewa ido ne mahaɗi tsakanin tunani da yatsa: muddin ido na bin zoben, zuciya kuma na jiran ya motsa, tsokoki na ba shi ɗan turi wanda mai hannun bai ji ba.

Chevreul bai buga sakamakon ba sai a 1833, a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga André-Marie Ampère cikin mujallar Revue des Deux Mondes, inda ya kwatanta abin da mai wasan ƙwallo wanda, bayan ya riga ya jefa, yake karkata jikinsa zuwa inda yake so ƙwallon ta nufa. Dalilin da ya sa motsin da ido ba ya gani ke zama lilo babba kuwa yana cikin ɗabi'ar abin ratayen kansa, domin zare mai tsawon santimita 25 yakan je ya dawo cikin kusan daƙiƙa ɗaya, kuma duk ƙaramin turin da ya zo daidai wannan lokaci yana taruwa a kan na baya, kamar yadda ake tura yaro a kan lilo da ɗan yatsa har ya yi sama. Abin yabo a bayanin Chevreul shi ne bai kira masu zoben maƙaryata ba, ya dai nuna cewa mai gaskiya ma yana iya ruɗin kansa.

Daga nan batun ya haɗu da hifnosis, wato yanayin da ake tattara hankalin mutum wuri ɗaya har ya riƙa karɓar abin da ake cusa masa cikin sauƙi. James Braid, likita a Manchester wanda littafinsa ya fito a 1843, yana sa mutane cikin wannan yanayi ne ta hanyar ƙura ido ga wani abu mai ƙyalli da aka ɗaga sama da goshi, ya kuma musanta cewa wani maganaɗisu ne ke fita daga jikin mai aikin. A 1852 William Carpenter ya ba irin motsin da ke kaɗa zoben suna a wata lacca a Landan, sunan da ke nufin motsin da tunani ya haifar ba da niyya ba, a shekarar da ta biyo kuma Michael Faraday ya tabbatar da cewa teburan da ke juyawa a majalisun kiran ruhohi hannuwan mazauna ne ke tura su.

Ta haka zoben ya shiga hannun masu hifnosis. Charles Baudouin, a littafinsa na 1920 kan cusa tunani, ya mai da shi darasin farko: a zana da'ira a takarda, a raba ta da layi biyu masu gicciye, ɗalibi ya riƙe zaren a tsakiya, ya bi layi ɗaya da ido yana raya wa ransa cewa zoben na binsa, kuma yawanci ba a daɗe zoben zai kama hanyar. A shekarun 1970 Randolph Easton da Ronald Shor, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, sun auna girman lilon a ɗakin gwaji, suka samu cewa yana ƙaruwa idan mutum na ganin zoben, yana raguwa idan an tsare masa gani, ko da yake tunanin motsin kaɗai ma yana iya tayar da shi.