Zaiba a Jikin Kifin Kogi

Zaiba guba ce da masu haƙar zinariya ke kama zinariya da ita, kamar yadda ake yi a bakin kogin Pra na Gana. Idan ta gangara kogi, ƙwayoyin halittar da ke cikin laka sukan sauya ta zuwa nau'in da ke taruwa a tsokar kifi. Kifi mai cin kifi, irin giwan ruwa, ya fi tara ta, musamman in ya girma. Karfasa ba ta kai shi ba. Dafuwa, suya ko banda ba sa fitar da ita. Illarta ta fi tsanani ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi, shi ya sa ake shawartar masu ciki su zaɓi ƙananan kifaye maimakon su ƙaurace wa kifi gaba ɗaya.