Neumann U 87

Neumann U 87 makirufo ne na ɗakin ɗaukar sauti wanda kamfanin Georg Neumann da ke birnin Balin na ƙasar Jamus ya fara ƙerawa a shekarar 1967. Yana cikin jinsin makirufon kwandensa mai faffaɗan tantani, kuma ana amfani da shi wajen ɗaukar muryar mawaƙa, karatun labarai a gidajen rediyo, ɗora murya a kan fim, da ɗaukar kayan kiɗa. Maɓallai uku ne a jikinsa: ɗaya a gaba mai zaɓen ɓangaren da zai saurara, biyu a baya, ɗaya na rage ƙarfin sauti, ɗaya na rage kaurinsa. Inda aka ajiye kowane maɓalli yana sauya abin da ke shiga cikin ɗauka, kuma yawancin kuskuren da aka yi a wannan mataki ba ya gyaruwa bayan an gama.

Tarihi

Georg Neumann ya kafa kamfaninsa a shekarar 1928. U 87 ya gaji U 67 ne, wanda ya fito a 1960 yana aiki da ƙwan lantarki da ake kira bawul, abin da ya sa yake buƙatar akwatin wuta nasa na daban. A cikin U 87 an maye gurbin bawul da tiransista, aka bar siffar jikin kusan yadda take. A shekarar 1986 aka fito da sabon samfuri mai suna U 87 Ai, wanda shi ne ake ƙerawa har yanzu. Kamfanin Sennheiser ya sayi Neumann a 1991, amma sunan bai canza ba.

Siffa da gane gaba

Tsawon U 87 Ai milimita 200 ne, faɗinsa milimita 56, nauyinsa kuwa giram 500. Ragar ƙarfe ce ta rufe kansa, a cikinta kuma akwai ƙwayar da ke kama sauti. Ƙwayar tana da tantani biyu sirara da aka shafa wa zinariya, ɗaya yana fuskantar gaba, ɗaya baya.

Ta gefe ake magana a cikin wannan makirufo, ba ta samansa ba kamar irin wanda ake riƙewa a hannu wajen taro. Gaba shi ne ɓangaren da tambarin kamfanin yake, wato ƙaramar alama mai kusurwa huɗu, launin shunayya. Da yake raga iri ɗaya ce gaba da baya, sabon shiga kan juya shi ya sa mawaƙi ya rera ta baya, muryar ta fito a dushe kamar daga nesa. Duba tambarin shi ne abu na farko kafin a taɓa kowane maɓalli.

Maɓallin gaba: ɓangaren sauraro

Wannan maɓalli yana ƙarƙashin ragar, a saman tambarin, yana da matsayi uku, kowanne da alamarsa.

Siffar zuciya: makirufon yana jin abin da ke gabansa sosai, yana ɗan jin na gefe, ba ya jin na baya sai kaɗan. A nan tantanin gaba kaɗai ke aiki. Shi ne matsayin da aka fi amfani da shi wajen murya ɗaya, musamman a ɗakin da ke da amsa-kuwwa ko hayaniya.

Da'ira: tantanin biyu suna aiki tare, makirufon yana ji daga kowace kusurwa. Ya dace da 'yan amshi da suka kewaye makirufo ɗaya, ko inda ake son sautin ɗakin ya shiga cikin ɗauka. Illarsa ita ce duk ƙarar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki za ta shiga.

Siffar lamba 8: tantanin biyu suna aiki, amma an juya wutar na bayan. Sakamakon haka makirufon yana jin gaba da baya daidai, sautin da ya zo ta gefe kuwa yana soke kansa. Ana amfani da shi idan mutum biyu suna fuskantar juna, kamar mai tambaya da mai amsawa, ko kuma idan ana so a kawar da wani kayan kiɗa ta hanyar juya masa gefen makirufon.

Maɓallin rage ƙarfi

Yana baya, an rubuta masa –10. Idan aka kunna shi, yana rage ƙarfin siginar da desibel 10 tun kafin ta isa ga na'urar ƙara ƙarfi da ke cikin makirufon, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin wutar ne ke wucewa. U 87 Ai yana ɗaukar sauti har desibel 117 ba tare da ya gurɓace ba. Da wannan maɓalli iyakar tana kaiwa 127.

Amfaninsa yana bayyana a gaban abu mai tsananin ƙara, kamar ganga, kakaki ko lasifikar jita. Idan sauti ya fashe a cikin makirufon kansa, rage shi a kan teburin haɗa sauti ba ya magani, domin ɓarnar ta riga ta auku kafin siginar ta fita. A ɗaya ɓangaren, idan aka manta shi a kunne aka ɗauki murya mai taushi, dole a ƙara ƙarfi sosai daga baya, kuma shuuu ɗin na'ura zai taso tare da muryar.

Maɓallin rage kauri

Shi ma yana baya, kusa da na rage ƙarfi. Alamarsa layi ne da ya lanƙwashe ƙasa ta gefen hagu, abin da ke nuna an datse ƙananan amo. Makirufon yana jin sauti daga Hz 20 zuwa Hz 20,000, saboda haka yana kama gurnanin mota a waje, takun ƙafa da girgizar sandar da aka ɗora shi a kai. Maɓallin yana rage waɗannan.

Aikinsa na biyu ya shafi kusanci. A siffar zuciya da siffar lamba 8, duk lokacin da baki ya matso kusa da makirufo, murya tana ƙara kauri, kuma abin ya fi tsanani a siffar lamba 8. Wasu masu gabatar da shirye-shirye suna son wannan kauri, amma idan ya yi yawa kalmomi suna cuɗewa. Kunna maɓallin yana daidaita muryar. Ba a kunna shi wajen kayan kiɗan da daɗinsu yake cikin kauri, kamar babbar ganga ko jitar bes, domin zai rage musu jiki.

Wuta da mahaɗi

Babu maɓallin kunnawa da kashewa a jikin U 87. Yana samun wutar bolt 48 ne ta cikin wayar da ke ɗaukar sautin, daga teburin haɗa sauti ko na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta. Ana kiran wannan tsari wutar fantom, kuma Neumann ne ya fito da shi a 1966 domin gidan rediyo da talabijin na ƙasar Norwe. Idan ba a kunna wutar ba, makirufon ba zai fitar da komai ba, ko da lafiyarsa ƙalau. Mahaɗin da ke gindinsa nau'in XLR ne mai ƙafa uku: ta 1 ta ƙasa ce, ta 2 da ta 3 su ke ɗauke da sigina. Ana rage lasifika kafin a kunna wutar ko a sauya matsayin maɓalli, saboda ƙarar da kan fita a lokacin.

Bambancin tsohon samfuri da U 87 Ai

A ido kusan ɗaya suke, maɓallansu ma guda ne. Tsohon yana da gurbin batir biyu masu bolt 22.5 a cikinsa, domin a yi aiki da shi inda babu wutar fantom. An cire wannan gurbi a U 87 Ai, aka sa da'irar lantarki da ke ba ƙwayar wutar bolt 60. Wannan ya sa siginarsa ta fi ta tsohon ƙarfi da kimanin desibel 10, amma kuma ya fi saurin kaiwa iyakarsa, don haka an fi buƙatar maɓallin rage ƙarfi a sabon.

Kulawa

Danshin numfashi da ƙura su ne manyan abokan gabar tantanin, domin idan suka haɗu a kansa suna jawo tsartsatsin ƙara ko ɗaukewar sauti. Shi ya sa ake sa matacin iska tsakanin baki da raga, wanda kuma ke tare bugun iskar haruffa irin su b da p. Ana rataye makirufon a mariƙi mai igiyoyin roba, irin EA 87, don hana girgiza, bayan aiki kuma a rufe shi ko a mayar da shi akwatinsa.