Barcin Tiyata: Ina Hankali Yake Zuwa?

Hausawa sun ce barci ƙanen mutuwa ne. To, shi barcin da likita yake sa mutum kafin ya tsaga shi fa, ƙanen wa za mu kira shi? Tambayar nan ta girmi kakanninmu, gama tun ranar da aka fara gwada maganin a bainar jama'a ta taso.

Ran 16 ga Oktoba, 1846, a wani babban asibiti na birnin Boston ta Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani saurayi, Gilbert Abbott, tururin maganin da ake kira eta, sa'an nan Dokta John Warren ya yanke masa wani ƙari a wuya. Da Abbott ya farfaɗo sai ya ce bai ji zafi ba, amma ya ji kamar ana kankare masa wuya. Watau dai zafin ya gushe, amma hankalin bai gushe duka ba.

A 1847 John Snow na London ya kasa aikin eta mataki biyar, ya kuma lura cewa mafarkan da majiyyata suke ba da labari suna aukuwa ne sa'ad da maganin bai yi nauyi ba. Binciken da Kate Leslie da abokan aikinta suka yi a Ostireliya, suka buga a 2007, ya ƙarfafa wannan: wajen kashi ɗaya cikin biyar na majiyyatansu sun ce sun yi mafarki, alamu kuwa sun nuna yawanci dab da farkawa ne.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi ya zo ne a 1942, sa'ad da Harold Griffith da Enid Johnson a Montreal ta Kanada suka shigar da kurare cikin tiyata, dafin da maharban Amurka ta Kudu suke shafa wa kibiya. Shi ba ya sa barci, sassan jiki kawai yake saki. Daga nan sai ya yiwu mutum ya farka ana cikin aiki, yana ji, amma ko yatsa ba ya iya motsawa. Don gano irin waɗannan, a 1977 Michael Tunstall ya riƙa ɗaure damtsen majiyyaci don kada maganin ya kai hannun, sa'an nan ya ce masa ya matsa. Waɗansu kuwa suka matsa, da suka farka ba su tuna kome ba.

Wani babban bincike a Birtaniya da Ayalan a 2014 ya sami ƙorafin irin wannan farkawa sau ɗaya cikin misalin 19,000. Adadin ƙanƙane ne, amma na waɗanda suka tuna ne kaɗai suka kuma faɗa. Mai karatu, wanda ya matsa hannun likita, da safe ya manta, barci ya yi ko kuwa yana farke?