2.3 Rafin Jakara da Halittun da Suka Rayu a Cikinsa

Rafin Jakara ya samo asali ne daga wata fadama da ke tsakiyar tsohon birnin Kano, daura da Kasuwar Kurmi. Daga nan ya miƙa arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi wanda ke gangarowa daga Bompai, sannan ya zuba a madatsar ruwa ta Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976.

Idan aka yi nazarin Tarihin Kano, za a ga cewa tun zamanin Barbushe wurin kurmi ne mai duhuwa, ana kiransa Kurmin Baƙin Ruwa saboda launin ruwansa. Mutanen Dala sun ɗauke shi wuri mai tsarki, kuma ana iya cewa wannan tsoro shi ya kare itatuwan wurin na tsawon lokaci. Da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa kasuwa a gefensa, sai kurmin ya fara ja da baya, har ya zamana a sunan kasuwar kaɗai ya saura.

Duk da haka fadamar ba ta mutu ba. Baturen nan Kilafatan, wanda ya zo Kano a 1824, ya bayyana ta a matsayin fadamar da ta raba birnin gida biyu, cike da dogayen ciyayi, inda agwagin ruwa da gauraki da ungulaye ke taruwa. Ya ƙara da cewa ruwa kan malale kasuwar da damina. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa shekaru fiye da 300 bayan kafa kasuwar, tsuntsayen daji ba su ƙaurace wa wurin ba.

Babban canjin ya zo ne a ƙarni na 20. Ruwan kwatami na birni da Fagge da Sabon Gari, da na mahauta, da dagwalon masana'antun Bompai, duk sun koma zuba a rafin. Kamun tarwaɗa da ƙarfasa ya koma can madatsar Wasai, yayin da manoman rani suka ci gaba da ban ruwan latas da alayyafo da wannan gurɓataccen ruwa. A 2013 kuma gwamnatin jihar Kano ta fara aikin rufe wani ɓangare na rafin da kankare domin shimfiɗa titi a kansa.