Kwalliya Da Kuɗin Sabulu: Tarihin Yadda Aka Koyi Tsara Gidajen Yanar Gizo

Mai karatu, bari in fara da abin da ya same ni, don shi ne ya sa na bi diddigin wannan tarihi. Wajen shekarar 2006, lokacin ina da littattafai uku a kasuwa, sai wani yaro mai kula da shagon intanet a unguwarmu ya ce zai gina mani gidan yana inda jama'a za su riƙa karanta labaraina. Na biya shi, ya yi kusan wata guda yana aiki. Ranar da ya nuna mani sai da na kasa zama don murna: baƙin shafi, jan rubutu, furanni na juyawa a gefe, sunana yana ƙyaftawa kamar fitilar gidan biki, ga kiɗa yana tashi da kansa.

Bayan 'yan kwanaki wata mai karanta littattafaina ta bugo mani waya daga Damagaram, ta ce, "Malam, na sayi awa guda a kafe don in karanta babin farko, amma har lokacina ya kusa ƙarewa furanninka kawai nake gani." Nan na gane kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ashe Turawa sun riga ni faɗawa wannan rami da shekara goma, har sun rubuta yadda ake fita.

Asalin abin dai daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN ne, kusa da birnin Janeba a ƙasar Suwizalan. A can wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya kawo shawarar yanar gizo a 1989, gidan yana na farko kuma ya fito ga jama'a a 1991. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Rubutu ne zalla, sai wasu kalmomi da in ka latsa su kai ka wani shafin. Ba shi da ado, amma ba wanda zai ɓata a ciki.

A 1993 aka fitar da manhajar shiga yanar gizo mai suna Mosaic daga Jami'ar Ilinoyi a Amurka, wadda ta riƙa nuna hoto da rubutu a shafi guda. Netscape ta biyo baya a 1994. To daga nan ne fa aka shiga zamanin caɓa ado. Netscape ta kawo rubutu mai ƙyaftawa, Microsoft ta kawo mai gudu daga wannan gefe zuwa wancan, kamfanin GeoCities kuma ya ba kowa fili kyauta ya gina nasa gidan. Kowa ya zuba duk launin da ya samu, alhali mutane da layin tarho suke shiga intanet, hoto guda sai ya ɗauki lokaci yana saukowa kaɗan-kaɗan.

Cikin waɗanda suka fara tsawatarwa akwai Jakob Nielsen, mutumin ƙasar Denmak mazaunin Amurka. A 1996 ya lissafa manyan kurakurai goma na masu tsara shafuka, ciki har da rubutu mai motsi ba hutawa da shafin da ke daɗewa bai buɗe ba. Wato dai gidan yanata ya kwatanta tun ba a gina shi ba. A 1997 ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya nuna kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka gwada ba sa karanta shafi kalma bayan kalma, ido kawai suke wurgawa suna neman abin da ya kawo su. Daga nan aka fahimci amfanin kanun magana, da gajerun sakin layi, da sa muhimmin abu a sama. A 2000 kuma ya nuna cewa in ka zaunar da mutum biyar kacal suka gwada shafinka kana kallo, za ka gano mafi yawan matsalolinsa. A wannan shekarar ce Steve Krug ya fitar da littafinsa wanda sunansa kaɗai ya isa darasi, don ma'anarsa ita ce kar ka sa ni tunani. Baƙo ya shigo, ya gane inda yake, ya ga inda zai latsa ba tare da ya tsaya tambaya ba.

Kasuwa ma ta yanke nata hukuncin. A lokacin da shafin farko na Yahoo ke cike maƙil da labarai da tallace-tallace, sai Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998 da farin shafi, suna a sama, akwatin tambaya a tsakiya. Ingancin bincikensu ne babban makaminsu, amma saurin buɗewar wannan shafi ya taimaka ƙwarai. GeoCities kuwa, Yahoo ta saye shi a 1999, ta rufe shi a Amurka a 2009.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kyau ba shi da amfani. A 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, sun nuna wa mutane zane iri-iri na fuskar na'urar cirar kuɗi, sai suka ga wanda ya fi kyau shi mutane ke ɗauka ya fi sauƙin amfani. Mu 'yan adabin kasuwar Kano mun san wannan tun da daɗewa. Wani dattijo mai sayar da littattafai a Sabon Gari ya taɓa ce mani, "Yaro, bango ke kiran mai saye, amma in bugun ciki ya dusashe ba za ta dawo neman littafi na biyu ba." Abin da tarihi ya yi watsi da shi shi ne adon da ke tare hanya.

Babban misali shi ne Flash, manhajar da ta riƙa cika shafuka da motsi da sauti. Wayar iPhone ta fito a 2007 ba ta karɓar ta, a 2010 Steve Jobs ya fito fili ya bayyana dalilansa, ciki har da cinye batir, a ƙarshen 2020 kuma kamfanin Adobe da kansa ya daina kula da ita. Ɗimbin gidajen yanar da aka kashe wa kuɗi suka koma kango. A 2010 ɗin ne Ethan Marcotte ya yaɗa dabarar tsara shafi guda da zai miƙe a fuskar kwamfuta, ya kuma tsuke daidai da fuskar waya. Tun 1999 ma ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa, ta fitar da ƙa'idojin kula da masu naƙasa, kamar rubuta bayanin hoto don makaho mai sauraron shafi ta na'ura, da bambanta launin rubutu da na bayansa.

Mu Hausawa muna da tamu ƙarin matsalar. A shekarun 2000 haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kan fito a matsayin akwatuna a kwamfutoci da yawa, saboda salon haruffan da aka zaɓa bai ɗauke su ba. Sai marubuta suka riƙa jefar da lanƙwasar, baƙi da baki suka zama abu guda. Yanzu wayoyi na iya nuna su, uzurin ya ragu.

Yau mai karatunmu a waya take karatu, da datar da ta saya da kuɗin cefane, wani lokacin caji ya kusa ƙarewa. Amma har gobe ina ganin shafukan labarai da talla ke rufe rubutu, da babi guda ba sakin layi, da inda za ka gama babi na 7 ka rasa hanyar zuwa na 8. Wannan furannina ne na 2006 suka dawo da sabuwar riga.

Ni dai abin da nake yi yanzu kafin in saki labari shi ne, in miƙa wa ƙanwar maiɗakina tsohuwar waya, in ce ta nemo mani babi na 3, in yi shiru ina kallonta. Duk inda ta tsaya ta ɗago kai, to nan ne gyara yake. Ina shawartar 'yan'uwana marubuta su gwada hakan, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.