Yadda Direbobin Amurka Suka Koyi Sauraron Rada

Rada kayan yaƙi ce tun asali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne injiniyoyin kamfanin Automatic Signal, John Barker da Ben Midlock, suka sauko da ita kan titi, aka gwada ta a garin Glastonbury na jihar Connecticut a 1947. Tana harba igiyar rediyo ga mota, igiyar ta dawo da ɗan sauyi, daga sauyin nan a lissafa gudun. Lagonta ma a nan yake. Kafin ta auna mota sai igiyar ta je ta dawo da sauran ƙarfinta, shi kuwa mai sauraro zuwan kawai yake jira, don haka yakan ji ta tun daga nesa.

Wannan lagon ne Dale Smith, wani injiniya a Ohio, ya kama a 1968 bayan an ci shi tarar gudu. Ya ƙera ɗan akwati mai suna Fuzzbuster, wanda ake ɗorawa gaban gilashi, da ya ji rada sai ya yi ƙara. Kasuwarsa ba ta buɗe sosai ba sai a 1974, lokacin da ƙarancin man fetur ya sa gwamnatin Nixon ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin awa, kusan kilomita 89, a duk faɗin ƙasar. Direban tirela da ke keta hanyoyin Texas miƙaƙƙu ya ɗauki dokar a matsayin tarkon tara kuɗi. Sai ya haɗa akwatin da rediyon CB na hira tsakanin direbobi, wasu har da na'urar sauraron zancen 'yan sanda irin Bearcat. A ganina, rashin yarda da doka ne ya raini wannan na'ura mai jin rada fiye da fasahar kanta.

Masu kare ta suna cewa igiyar da ta shigo motar mutum yana da ikon saurarenta, kuma duk wanda ya ji ƙarar zai taka birki, abin da ɗan sanda ke nema ke nan. Maganar farko tana da ƙarfi, shi ya sa har yau jihar Virginia da birnin Washington kaɗai suka haramta na'urar a ƙananan motoci. Ta biyun ce ba ta gamsar da ni ba. Birkin da aka taka saboda ƙara na ɗan taƙi ne, da an wuce sai ƙafa ta koma kan totur, alhali amfanin rada shi ne direba ya kasa sanin inda take, ya kiyaye a ko'ina. Yaron da ke tsallaka titi gaba kaɗan da motar 'yan sanda bai amfana da wancan birkin ba. Dalilin da ya sa gwamnatin tarayya ta haramta na'urar a manyan motocin kasuwanci daga 1994 ke nan, inda nauyi ke mayar da ƙaramin ganganci asarar rayuka.

An soke dokar mil 55 a 1995, amma akwatin bai mutu ba. 'Yan sanda sun samo na'urar gano shi, suka kuma koma auna gudu da hasken leza, wanda siririn zarensa sau da yawa kan riga ƙarar gargaɗi gama aiki. A garuruwa da dama sun kulle zancen rediyonsu yadda mai Bearcat ba ya jin komai. Yanzu a manhajar Waze direbobi ke sanar da juna inda 'yan sanda suka laɓe.